Rana ta kowa ce, gona kuwa da mai ita: inda za a kafa tashoshin sola da na iska a Gwarzo da Kabo

Shekarar 2023 ta sauya matsayin gwamnatocin jihohin Nijeriya a harkar wutar lantarki, domin a watan Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar samar da wuta da dakonta da rarraba ta ko da a wuraren da babban layin ƙasa ya ratsa, sannan a watan Yuni Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2005, ta kuma ba duk jihar da ta yi tata dokar ta kafa hukumar sa ido ikon tafiyar da kasuwar wutarta. Da yake tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa wa gwamna riƙon dukkan filayen jiharsa a madadin jama'a, sai wuƙa da nama suka haɗu a hannu ɗaya: wanda ke ba da fili shi ne kuma zai iya ba da izinin sana'ar. Jihohin Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar wannan iko daga hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, a 2024, ita kuwa gwamnatin Kano a ƙarƙashin Gwamna Abba Kabir Yusuf ta kafa ma'aikata ta musamman mai kula da lantarki da makamashin da ba ya ƙarewa, wato irin na rana da iska da ruwa. Sai dai tsakanin Dokar Lantarki da Dokar Amfani da Ƙasa babu wadda ta fayyace filin da ya dace a shimfiɗa farantan sola a kansa da wanda ya kamata a bar wa garma, kuma wannan giɓi ya fi nauyi a ƙananan hukumomi irin su Gwarzo da Kabo, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan tun kafin maganar sola ta taso.

Buƙatar wutar ba abar jayayya ba ce. Yawancin lantarkin da Kano ke sha yana tasowa ne daga nesa, daga madatsun ruwa na jihar Neja da tashoshin iskar gas na kudu, ya biyo dogayen layuka har zuwa babbar tashar Kumbotso, daga nan kamfanin KEDCO ya rarraba shi a Kano da Katsina da Jigawa. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke biyowa ta Binuwai ya samu matsala, yawancin Arewa ya shafe kwanaki cikin duhu, kuma wannan ya ƙara wa masu cewa a samar da wuta a gida ƙarfin hujja. Rana kuwa Allah ya hore ta, don a ƙasar Kano kowace murabba'in mita tana samun ƙarfin hasken da ya kusa kilowat-awa 6 a yini, adadin da ya ninka na Jamus kusan sau biyu.

Abin da ba a hore ba shi ne fili, kuma misalin Kumbotso ya isa a yi lissafi da shi. Tashar sola mai megawat 10 da hukumar zuba jarin asusun ajiyar ƙasa, NSIA, ta gina kusa da unguwar masana'antu ta Challawa, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a ƙarshen Janairun 2023, tana zaune ne a kan hekta 24, da farantai fiye da 21,000, kuma an raba mallakarta tsakanin Gwamnatin Tarayya mai kashi 80, da jihar Kano mai kashi 15, da ƙaramar hukumar Kumbotso mai kashi 5. Hekta guda ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato kusan eka biyu da rabi. Ke nan kowane megawat ya ci kusan hekta biyu da rabi, kuma tasha mai megawat 100, irin wadda rukunin kamfanonin Dangote da Black Rhino suka ƙulla yarjejeniyar ginawa da gwamnatin Kano a 2016 a Zakirai ta ƙaramar hukumar Gabasawa, za ta buƙaci kimanin hekta 240 a dunƙule, a kewaye da waya, na tsawon shekara 25 ko fiye, wanda shi ne gwargwadon rayuwar farantan.

Idan aka ɗora wannan adadi a kan taswirar yammacin Kano sai girman lamarin ya fito. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 183,987 a Gwarzo mai faɗin murabba'in kilomita 393, da mutum 153,828 a Kabo mai faɗin 341, wato kimanin mutum 460 a kowace murabba'in kilomita idan aka haɗa su. Bisa wannan tsohon lissafi, hekta 240 rabon mutum sama da dubu ne, kuma yawan jama'a ya ƙaru ƙwarai tun daga lokacin, ƙasar kuwa ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana karkarar da ke kewaye da birnin Kano a matsayin yankin da aka cika shi da zama, inda ake noma gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, ana raya ta da takin gida da na dabbobi. Duk wanda ya bi titin da ya fita daga Kano ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo zuwa Gwarzo, har ya dangana da Dayi a jihar Katsina, zai ga cewa wannan siffa ta miƙe har iyaka: gona na bin gona, dawa da gero da masara da gyaɗa da waken suya, ba a ganin saura sai jefi-jefi.

Kalmar da ta fi yaudarar masu tsara irin waɗannan ayyuka ita ce fili, domin a takarda tana nufin wuri mai iyaka huɗu da mai shi guda ɗaya, alhali a ƙasa abin ya fi haka sarƙaƙiya. Gona guda a Getso ko Garo, wadda layin gamba ko na bini-da-zugu ya raba ta da ta maƙwabci, tana iya kasancewa gadon da ba a raba ba tsakanin 'yan'uwa maza da mata, tana hannun wani bisa jingina, wato ya ba da kuɗi yana nomawa har ranar da za a mayar masa da kuɗinsa, ko bisa aro ko haya. Ɗorawar da ke tsakiyarta kan iya zama ta wani gida daban, domin a al'adar ƙasar Hausa mallakar itace ba dole ta bi mallakar ƙasa ba, kuma daga kalwarta ne mata ke yin daddawar da suke sayarwa ranar kasuwa. Idan kaka ta yi aka kwashe amfani, karan dawa ya tafi danni da makamashi, harawa ta hau kan reshe ko rufin ɗaki don tumaki, sannan shanun Fulani su shigo su ci abin da ya rage su bar taki. Wayar da za a kewaye tashar sola da ita tana yanke waɗannan haƙƙoƙi gaba ɗaya a rana guda, amma takardar diyya ba ta cika sanin kowa ba sai mutum ɗaya.

A nan ne Dokar Amfani da Ƙasa take nuna rauninta. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama a kan fili saboda maslahar jama'a mai rinjaye, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya, amma diyyar ta abin da aka ɗora a kan ƙasa ce, kamar gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba, tunda a idon doka manomi mai riƙo ne, ba mai mallaka ba. Ma'anar wannan ita ce, manomin da aka karɓi gonarsa da rani, lokacin da babu komai a cikinta sai kututturen kara da tsamiya guda biyu, zai iya tashi da kuɗin da bai kai amfanin damina biyu ba, a madadin abin da ya ciyar da kakanninsa. Dokar ta san da wannan haɗari, shi ya sa sashe na 6 ya wajabta wa ƙaramar hukuma ta ba wanda aka karɓi gonarsa ta gargajiya wata gonar a madadi. Wannan tanadi yana da ma'ana a inda ake da daji, amma shugaban ƙaramar hukumar Kabo ba shi da hekta 240 a ajiye da zai raba, sai dai ya karɓa daga hannun wani. Akwai kuma tambayar da kotunan Nijeriya suka daɗe suna fama da ita, ta ko ƙwace fili don a miƙa wa kamfani mai neman riba yana shiga cikin maslahar jama'a, kuma tashar sola ta 'yan kasuwa tana zaune ne daidai kan wannan gaɓa.

Wannan tsari na riƙo ba baƙo ba ne a Arewa, don dokar 1978 ta ɗauko ruhinta ne daga dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962, ita kuma daga shelar Turawan mulki ta 1910. Kafin su duka, malaman Daular Sakkwato sun yi rubutu kan hukuncin ƙasa, ciki har da littafin Abdullahi ɗan Fodiyo mai suna Ta'alimur Radi, wanda ya tattauna hanyoyin da mutum ke keɓantuwa da mataccen fili, wato wanda ba kowa a kansa. Abin lura shi ne, fiƙihu ya bambanta matacciyar ƙasa da rayayyiya, ya kuma kare harabar gari, inda ake kiwo da itace, daga mai son mallakewa. Wannan bambanci shi ne ainihin abin da manufar zaɓen wuri take buƙata a yau, ko da an sauya masa suna. Tarihin kusa ma yana da nasa gargaɗin: a watan Afrilun 1980 rikicin diyya da rabon gonaki a aikin madatsar Bakolori, kusa da Talata Mafara, ya ƙare da 'yan sandan kwantar da tarzoma sun buɗe wa manoma wuta, aka kashe mutane da dama, kuma aikin ci gaba ne aka kira shi a lokacin.

Ta fuskar mai zuba jari kuwa, ba rana yake bi ba, tunda ranar Gwarzo da ta Gabasawa ɗaya ce. Layin wuta yake bi. Tasha tana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe wanda ruwa ba ya kwanciya a kai, kusa da titi, kusa kuma da tashar taransifoma mai sauran wurin karɓar ƙarin wuta, domin kowace kilomita ta sabon layi kuɗi ce, kuma ita ma tana buƙatar nata zirin filin. Ko tashar Kumbotso, da take gefen birni, sai da aka ja mata layi na kilomita 12. Wannan ne ya sa manyan ayyukan da aka kammala suka taru a bakin birni, kamar ita ta Kumbotson da tashar Jami'ar Bayero mai megawat 7.1, wadda ta haɗa sola da batir da injin dizal, aka buɗe ta a 2019 a sabon mazaunin jami'ar da ke kan titin Gwarzo. Amma filin bakin birni yana tsada yana ƙarewa, kuma idan aka matsa yamma, siffofin da injiniya ke nema, shimfiɗa da kusanci da titi da rashin ambaliya, su ne daidai siffofin gonar da manomi ya fi ƙauna. Idan jiha ta bar zaɓin ga kamfani, gona mafi kyau za a zaɓa, ba don mugunta ba, sai don arha.

Akwai kuma darasin filin da aka keɓe aikin bai zo ba. A watan Yulin 2016 kamfanin cinikin wuta na Gwamnatin Tarayya, NBET, ya sa hannu kan yarjejeniyar sayen wuta da kamfanonin sola 14, jimillar megawat 1,125, yawancinsu a Arewa, har da Katsina da Jigawa da Kaduna da Bauchi, a kan farashin santi 11.5 na dalar Amurka kowace kilowat-awa. Daga baya aka yi saɓani kan farashin da kuma lamunin da gwamnati za ta tsaya wa masu ba da bashi, shekaru suka shuɗe ba a ga tashoshin ba. Duk jihar da za ta ba da fili ya kamata ta rubuta wa'adi a cikin takardar, ta yadda idan ba a fara gini ba cikin lokacin da aka ɗiba, ƙasar ta koma hannun masu ita, kuma a bar su su ci gaba da noma har ranar da motocin aiki za su iso da gaske.

Maganar iska ta fi sauƙi ta wani gefen, ta fi wuya ta wani. Fankar iska ba ta cin fili sosai, domin gindinta da hanyar zuwa gare ta kaɗai take buƙata, ana iya noma da kiwo a tsakanin wannan da waccan, sai dai tana buƙatar tazara daga gidaje saboda ƙara da inuwar fukafukai mai walƙiya, kuma a karkarar da ƙauyuka da gidajen gona suka warwatsu kamar ta Gwarzo, samun wannan tazara ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙarfin da ake samu yana bin saurin iska ne ninki uku a jere, ta yadda idan sauri ya ninka sau biyu wuta za ta ninka sau takwas, saboda haka ba a kafa fanka sai an dasa dogon ƙarfen awo na aƙalla shekara guda. Misalin da ke kusa shi ne na Lambar Rimi a jihar Katsina, mai megawat 10 da fankoki 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, aikin da ya samo asali tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, aka sace injiniyan kamfanin Francis Collomp a garin Rimi a Disambar 2012 har ya kuɓuta a Nuwambar 2013, aikin kuma ya haura shekara goma bai kammala ba. Tsaro ma sharaɗi ne na zaɓen wuri, musamman a ƙananan hukumomin da ke kan iyakar Katsina.

Ƙasashen da suka riga Nijeriya shiga wannan fage sun gwada hanyoyi mabambanta. Jamus ta yi doka a 2022 da ta ɗora wa jihohinta keɓe kashi 2 cikin ɗari na ƙasar don fankokin iska kafin ƙarshen 2032, kowace jiha da rabonta, bayan da ƙa'idar jihar Bavariya ta 2014, mai cewa tazarar fanka da gidaje ta kai ninki goma na tsayinta, ta kusa tsayar da gini a can. Italiya a 2024 ta hana shimfiɗa farantai a ƙasa a kan filayen noma, ta bar ƙofa ga waɗanda aka ɗaga sama ana noma a ƙarƙashinsu. A Kenya wata kotu ta soke takardun filin tashar iska ta tafkin Turkana a 2021, tasha mai megawat 310 da ta riga ta fara aiki, saboda ba a bi ƙa'ida wajen karɓar ƙasar makiyaya ba. Wanda ya fi kama da halin Kano shi ne na Pavagada a jihar Karnataka ta Indiya, inda aka kafa tasha mai megawat 2,050 a kan eka kusan 13,000, ba ta hanyar ƙwace ba, sai ta hanyar haya daga manoma a kan rupi 21,000 kowace eka a shekara, da ƙarin kashi 5 duk bayan shekara biyu. Masu gonaki sun samu kuɗin shiga tabbatacce a yankin da fari ya addaba, amma 'yan ƙodago da ba su da gona sun rasa aiki ba su samu komai ba, wanda shi ne irin halin da mai aro da mai jingina da makiyayi za su shiga a nan.

Abin da ya kamata jihar Kano ta fara yi, kafin wani kamfani ya iso da taswirarsa, shi ne ta zana tata, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni da ardo-ardon Fulani, waɗanda su ne suka san iyakar kowace gona da inda burtali ya bi. Burtali, wato hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki zuwa makiyaya da mashaya, ya kamata ya shiga jerin wuraren da ba a taɓawa, tare da fadamu da filayen noman rani da maƙabartu, domin toshe shi na nufin tura garke cikin shukar wani. Bayan an fitar da waɗannan, sai a duba filayen da gwamnati ta riga ta mallaka ko waɗanda noma ya riga ya bari: fako da tsandauri da zaizaya ta cinye, tsoffin ramukan da aka ɗebi jar ƙasa don titi, rufin asibitoci da makarantu da rumfunan kasuwa, da harabar cibiyoyi irin su babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kabo. Yankin yana da wata kadara da ba a cika lissafa ta ba, wato madatsun ruwan da aka gina tun daga zamanin Gwamna Audu Bako, kamar Guzuguzu a Kabo, da babbar madatsar Challawa a maƙwabciyarsu Ƙaraye da aka kammala a 1992. An riga an biya farashin waɗannan filaye da tashin ƙauyuka, kuma ana iya ɗora farantai masu iyo a kan wani sashe na ruwan, kamar yadda Gana ta yi da megawat 5 a madatsar Bui, tare da kula da haƙƙin masunta. Kusanci da ruwa yana da wata fa'idar, domin da hunturu ƙura kan lulluɓe farantai cikin 'yan kwanaki har wutar ta ragu, kuma wanke dubban farantai da ruwan rijiyar burtsatse a ƙauyen da mata ke layi a bakin famfo wata rigimar ce daban. Ga garuruwa kamar Kutama da Lakwaya da Gude, ƙaramar tashar gari da ba ta wuce megawat 1 ba, irin wadda ƙa'idojin NERC suka tanada tun 2016, hekta biyu ko uku za ta ci, kuma wutarta a garin za ta tsaya, saɓanin babbar tasha da ke tura tata birni ta bar maƙwabtanta da fitilar hannu.

Inda kuwa ba makawa sai an shiga gona, haya ta fi ƙwace adalci, kuma ɗaga farantai sama don a yi noma a ƙarƙashinsu ba zai zama baƙon tunani ga manomin da ya san gawo ba, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa dawa haske, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Sai dai hayar shekara 25 tana da wata matsala da ta keɓanta da ƙasar da ake raba gado bisa shari'a. A cikin wannan tsawon lokaci da yawa daga waɗanda suka sa hannu za su riga mu gidan gaskiya, gona guda ta zama rabon 'ya'ya takwas ko goma da matan mamaci, alhali gamba da bini-da-zugun da ke nuna iyaka katafila ta share su tun ranar farko. Idan ba a auna kowace gona an rubuta ta da sunan mai ita da na mai itacen da ke cikinta kafin a share ba, aka ajiye kwafi a ma'aikatar ƙasa da sakatariyar ƙaramar hukuma da gidan dagaci, alƙalin kotun shari'a a Gwarzo zai wayi gari da magada a gabansa suna neman rabonsu daga gonar da ba wanda zai iya nuna inda ta fara da inda ta ƙare.